Kwanon da Ya Kwana a Gidan Nainai

Ranar ƙaramar sallah ta shekarar 2004, cikin sanyin watan Nuwamba, Umma ta jera kwanonin samira a kan teburin kicin ɗinmu na Gaithersburg, a Amurka, ta cika kowanne da waina da miyar taushe, ta rufe, ta ce in kai wa maƙwabta. Shekarata tara, ko shekara ba mu cika da barin Funtuwa ba. Ina sanye da atamfar sallah da wata ƙatuwar rigar sanyi a kanta, na fito sak buhun gero da aka ɗaura wa ɗankwali. Abba ya ce mata a nan ba a yin haka, ita kuwa ta ce ba ta taɓa jin garin da ake dafa abincin sallah a rufe ƙofa a cinye ba. Gidajen layinmu a manne suke da juna, amma ban taɓa ganin cikin ko ɗaya ba. A gida na farko wani Bature ya leƙo ta bayan sarƙar ƙofa, ya tambaye ni ko talla nake yi wa makarantarmu. A na biyu matar ta yi ta godiya har na ji kunya, kwanon kuwa bai sake dawowa ba. Bayan 'yan kwanaki muka hango shi a tagarta an shuka fure a ciki, Umma ta yi ta salati. Gidan da ke jikin namu ta hagu na je a ƙarshe, yatsuna sun ƙage don sanyi. Wata 'yar tsohuwa 'yar ƙasar Sin ce ta buɗe, gajeriya, gashinta fari fat an yanke shi daidai kunne, da wani ƙaramin yaro riƙe da ƙafar wandonta. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ɗan rusuna, ta ɗaga murfin ta shinshina, ta yi dariya. Kafin la'asar sai ga ta a ƙofarmu da kwanon a wanke tas, cike da lemo da gyaɗa. Umma ta dubi Abba ta ce, "Ka gani ko? Wannan 'yar gidan mutunci ce."

Nainai muke kiranta, don haka muka ji jikan nata Tonton yana kiranta, kuma daga baya muka gane cewa a yarensu sunan kakar wajen uba ke nan. Umma, da ba ta iya barin tsohuwa ba lakabi, ta mayar da ita Hajiya Nainai. Ɗanta Mista Shen aikin kwamfuta yake yi, matarsa ma tana aiki, da sassafe suke fita sai dare. An kawo Nainai ne daga Sin lokacin da aka haifi Tonton, don ta yi reno. Ita ce girki, ita ce wanki, ita ce goyo, ita ce share matakala. Mista Shen mutum ne mai tsafta da fara'a, in ya haɗu da Abba a wurin akwatunan wasiƙu sai sun tsaya sun gaisa. Da bakinsa ya taɓa gaya wa Abba cewa mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ita kaɗai ta rene shi da aikin masaƙa har ya kai jami'a. Abba ya dawo gida yana yabonsa, yana cewa yaron ya san darajar uwa.

Tun daga sallar nan kwano bai daina kai-kawo tsakanin gidajen biyu ba, kuma ni ce 'yar aike. Umma ba ta jin kalma ɗaya ta yaren Sin, Nainai ba ta jin Turanci balle Hausa, amma sai su tsaya a bakin shingen katakon bayan gida su yi ta hira, kowacce da yarenta, suna dariya a wuri ɗaya. Damuwar Umma guda ce, wato me ke cikin abin da ake kawo mana. Wata rana ta sa na zana alade a takarda, na ja masa layi biyu a gicciye, na kai. Zanen nawa ya fi kama da akuya mai ciki, amma Nainai ta gane. Ta buga ƙirji, ta girgiza kai da ƙarfi, ta ja ni kicin ta nuna mini wata tukunya da ta ware a gefe. Daga ranar sai ganye da ƙwai da kifi take aiko mana. Abin da ya fi burge Umma shi ne matar ba ta taɓa barin kwanonmu ya kwana a gidanta ba, kuma ba ta taɓa mayar da shi haka nan ba. Ko yaya ranar ta kasance, sai ta jefa wani abu a ciki, ko da tafarnuwa ce dunƙule biyu.

Da bazara ta shigo, 'yan filayen bayan gida suka zama gonaki. Fili ne da tabarma huɗu za ta rufe, amma Umma ta shuka yakuwa da kuɓewa da alayyahu da irin da ta ɓoyo daga gida a cikin safa. Nainai kuwa ta kafa sanduna ta yi rumfa, dogon wake ya hau yana reto, kabewa ta kwanta a ƙasa, ga wani garahuni ƙato mai ƙuraje da Umma ta ce a Funtuwa ba a taɓa ganin irinsa ba. Aikina shi ne ban-ruwa da yamma da korar kurege, aikin da ban taɓa cin nasara a kansa ba, don kuregun Amurka ba sa tsoron kowa. In bas ɗin makaranta ya sauke ni a bakin layi, sai in tarar da Nainai a kan matakala tana gyaran wake, Tonton yana tuƙa 'yar motarsa a gabanta. Ni na koya wa yaran layin 'yar gala-gala da allin da na ɗebo daga aji, ita kuma ta ba ni mamaki ranar da ta ga ina carafke ni kaɗai. Ta shiga gida ta fito da wasu ƙananan jakunkuna da ta ɗinka ta cika da shinkafa, ta zauna dirshan a ƙasa, ta cinye ni ba ko tausayi. Tana da wani abin wasa na gashin kaza da ake bugawa da gefen ƙafa, tsohuwar nan sai ta yi ta buga shi ba ya faɗuwa, ni kuwa bugu ɗaya sai ya haye shinge. Kakata na Funtuwa, ban san ranar da zan sake ganinta ba, kuma ba na jin kunyar cewa Nainai ce ta rage mini kewarta.

A watan Agusta na 2006, muna cikin dogon hutu, ƙanwar Abba da ke Woodbridge ta haihu, muka tattara muka koma can har aka yi suna. Da muka dawo, muka ga an kafa allon sayarwa a gaban gidan su Nainai. Umma ta ce ai ko za su tashi ba za su tafi ba sallama ba, ta zuba naman suna da cincin a kwano ta ba ni. Na daɗe ina ƙwanƙwasawa kafin a buɗe, kuma ƙofar kaɗan aka buɗe, daidai wucewar hannu. Nainai ta karɓa, ta shafa kaina, ta rufe. Ban ji muryar Tonton ba. Yamma ta yi kwano bai dawo ba. Washegari ma shiru. Da safiyar da ta biyo baya Umma ta hau sama shanya, ta leƙa ta tagar ɗakina, sai na ji ta ce, "Innalillahi!" Na ruga na leƙa. Babu rumfa, babu wake, babu kabewa. An tuge komai an shimfiɗa ciyawa kore shar, kamar ba a taɓa shuka ko albasa a wurin ba. Umma ta yafa mayafinta ta ce, "Tun da muka san matar nan ba ta taɓa barin kwano ya kwana ba. Ba lafiya ba. Taso."

Ta ƙofar shingen baya muka shiga. Ƙofar falonsu ta gilashi ce, don haka tun daga waje muka ga komai. Babu kujera, babu tebur, babu talabijin, babu labule. Sai shatin ƙafafun kujeru a jikin kafet. Nainai na zaune a ƙasa a kusurwa, a kan bargo da ta ninke, da wata tsohuwar jaka a gefenta. Kusa da ƙafarta ga kwanonmu, a wanke, a rufe. Da ta gan mu ta yi ƙoƙarin tashi ta kasa, sai da ta dafa bango. Tana buɗe mana zafi ya buge mu, don an kashe na'urar sanyaya gida. Umma ta wuce kicin kai tsaye, ni ina biye da ita, ta buɗe firji, ta buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya. Ban da 'yar tukunya da sauran shinkafa da ba ta kai tafin hannu ba, babu komai a gidan. Nainai ta ɗauko kwanon ta ɗaga murfin ta nuna wa Umma cikinsa, ta juya tafin hannunta sama, ta sunkuyar da kai. A nan na gane. Ba mantawa ta yi ba. Ta rasa abin da za ta saka a ciki ne, kuma ta gwammace ta zauna da yunwa a bayan bangonmu da ta mayar mana da kwano fanko. Umma ta fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin ta yi ba ko ranar da muka baro gida, ta kama hannun tsohuwar ta ja ta zuwa gidanmu.

Abba ya baro aiki da rana tsaka, ya zo da wani abokin aikinsa ɗan ƙasar Sin, Dakta Gao, dattijo mai sanyin magana. A falonmu suka zauna, Nainai ta sha kunu, ta ɗan dawo hayyacinta, ta yi bayani, shi kuma yana fassara wa Abba. Ɗanta ya sami sabon aiki a wata jiha mai nisa. Muna Woodbridge motar kaya ta zo ta kwashe komai. Ya ce ta jira a gidan, da sun sauka zai dawo ya ɗauke ta. Tonton ya yi ta kuka a mota, ta ce masa gobe tana tafe. Tun daga ranar ba ta ji ɗuriyarsu ba, an yanke wayar gidan, maganinta na hawan jini ya ƙare. Ta nace cewa tabbas wani abu ne ya same su a hanya, a taimaka a bincika mata asibitoci. Dakta Gao ya yi ta buge-bugen waya har ya sami lambar Mista Shen ta hannun wani da suka yi aiki tare. Muna zaune muna kallonsa ya kira, aka ɗauka. Sun ɗan jima suna magana, fuskarsa tana canjawa, sannan ya rufe wayar ya ajiye a kan cinyarsa. Da Turanci ya gaya wa Abba, ƙasa-ƙasa, ya manta cewa ni ma ina ji. Lafiyarsu ƙalau. Mista Shen ya ce yaro zai shiga makaranta, ba sa bukatar mai reno yanzu, sabon gidan kuma babu ɗakinta. Ya ce a kira hukuma, sun san yadda suke yi da irinta.

Abba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ni kuwa na ji kamar an zare min ƙasa. Mutumin da ke ɗaga mini hannu kullum da safe, wanda ya taɓa gyara mini sarƙar keke, shi ne ya ce irinta. Ban san ana iya haka ba. Na san ana mantuwa da jaka a bas, na san ana barin tsohuwar katifa a bakin titi in za a tashi, amma ban taɓa kawowa a raina cewa mutum zai kwashe cokula da labule ya bar uwarsa ba. Dakta Gao ya kasa haɗiye abin. Ya girgiza kai ya furta wasu kalmomi huɗu da yarensu, a hankali, kamar mai tofar da abu mai ɗaci: lang shin gou fei. Tsohuwar da ɗazu ta kasa tashi sai da bango, sai ga ta tsaye cak. Ta buga tafin hannunta a kan teburin tsakar falo har kofin kunu ya kife, ta nuna shi da yatsa, ta yi ta zuba masa magana. Dattijon nan ya sunkuyar da kai kamar ɗan firamare.

Da ta zauna, Abba ya tambaye shi abin da ya faɗa. Ya ce wata magana ce tasu ta tun da, ma'anarta zuciyar kyarkeci da huhun kare, ana faɗinta ga mutumin da aka yi wa alheri ya saka da mugunta, wanda babu ɗigon tausayi a ƙirjinsa. Ya ce zagi ne mai nauyi, ba a yin sa da wasa. Sannan ya ba da labarin asalinta yadda ya ji a bakin manya yana yaro, ya ce tatsuniya ce, kowane yanki da yadda yake ba da ita. Wai wani mai magani ne yana ratsa dutse ya tarar da mutum kwance, bai daɗe da mutuwa ba, zuciyarsa da huhunsa sun lalace. Tausayi ya kama shi. Ya kama kyarkeci ya ciro zuciyarsa, ya kama kare ya ciro huhunsa, ya saka wa mutumin, ya ɗinke. Mutumin ya buɗe ido ya tashi. Maimakon godiya, sai ya shaƙe wuyan rigar mai maganin ya ce ɓarawo ne, fashi ya yi masa, ya ja shi gaban alƙali. Sai da alƙali ya sa aka ɗaga rigarsa aka ga ɗinkin, aka je dutsen aka ga gawar dabbobin, sannan mai maganin ya tsira. Tun daga nan maganar ta shiga bakin mutane. Abba ya fassara wa Umma, ta ce, "To ai gaskiya ya faɗa. Me ya ɓata mata rai?"

Dakta Gao bai so ya amsa ba, sai da Abba ya sake tambaya. Ya ce ai ita ma ta san labarin, kuma ga abin da ta ce masa: "A cikin labarin, wa ya saka masa zuciyar? Wanda ya raya shi. Wannan yaron ni na raya shi, ba ni da mataimaki. In zuciyar kyarkeci ce a ƙirjinsa, da hannuna na saka. Ni ka zaga, ba shi ba. Kada in sake jin ka faɗa." Wannan ya fi gidan da babu kaya girgiza ni. Na dube ta, ƙafafunta a kumbure, kunu ya ɓata mata gaban riga, tana harare-harare kamar kaza mai 'ya'ya, tana kare mutumin da ya ce a kira hukuma ta ɗauke ta.

An kira hukumar kuwa, don Abba ya ce dole ne. Wata ma'aikaciyar jin daɗin tsofaffi ta zo, mace mai kirki, ta zauna ta yi bayani ta bakin Dakta Gao. In Nainai ta tabbatar cewa yasar da ita aka yi, doka za ta nemi ɗan, za a samar mata wurin zama, kuma akwai yiwuwar ta sake ganin jikanta. Amma maganar za ta iya kaiwa kotu, ta shafi aikinsa. Mu duka mun san ba abin da take so a duniya kamar ganin Tonton, don da ta ji motsin yaro a waje sai ta tashi ta leƙa. Ma'aikaciyar ta yi tambayar ta fuskoki daban-daban, amsar ba ta canja ba. Nainai ta ce babu wanda ya yasar da ita, ita ce ta ce su tafi, ta gaji da Amurka, tana so ta koma wurin ƙanwarta. Umma ta roƙe ta da Hausa, har da durƙusawa, tsohuwar ta ɗago ta, ta share mata hawaye da bakin mayafin Umman, ta girgiza kai.

A ɗakina ta zauna har ƙarshen hutu, kafin Dakta Gao da 'yan ƙasarsu su shirya mata tafiya. Kullum sai ta riga Umma shiga kicin, har suka fara rigima a kan wanke-wanke. Ranar tafiya, kayanta na cikin motar Abba, ta roƙi Dakta Gao ya sake kiran ɗanta. Muka ɗauka zuciyarta ce ta karye, za ta roƙe shi. Ba a ɗauka ba, sai na'urar ajiye saƙo. Ta karɓi wayar da hannu biyu ta yi magana kaɗan, cikin murya mai taushi, ta miƙa. A hanya Abba ya tambayi Dakta Gao me ta ce. Ya juya fuskarsa wajen taga kafin ya amsa. Cewa ta yi Tonton yana yaye bargo in yana barci, sanyi ya kusa shigowa, a riƙa tashi ana rufe shi.

Ba mu sake jin labarinta ba, sai sau ɗaya da Dakta Gao ya ce ta sauka lafiya. Yanzu ina zaune a Bowie, a gidan da ke tsaye shi kaɗai da fili a kowane gefe, ina fita daga gareji a mota in dawo in shige gareji, maƙwabtana sai ɗaga hannu daga nesa. Wani zai iya shafe mako a bayan bangonsa ban sani ba, kuma wannan yana ba ni tsoro in na tuna. Ina kewar zamanin da bango ɗaya ne tsakaninmu da mutane, har kana jin tarin tsohuwa da asuba. Umma ta tsufa, tana wurina, ɗana yana amsa mata Hausa da Turanci tana yi masa tsiya. Shekaru da yawa ina ba da wannan labari ina mamakin mutanen biyu, ɗan da uwar. Na ɗan har gobe bai sake ni ba. Na uwar kuwa, ranar da aka ɗora mini nawa jaririn a ƙirji ya ƙare.